Gwaggo Tsaf da Koriyar Riga

Duk layinmu babu wanda bai san sana'ar Gwaggo ba, kuma babu wanda ya taɓa kiran sunan sana'ar a gabanta. Robobin lemo da na ruwa take tsinta a filin da ke bayan kamfanin lemo da kewayen tasha, ta ɗauraye su, ta tattake su har su lotse, ta kai wa mai sikeli. Amma in ka gan ta da safe ta fito daga gida, wallahi sai ka rantse shugabar makaranta ce za ta je duba malamai. Atamfa ta sha guga har tana ɗaukar ido, ɗaurin ɗankwali ya zauna daram, takalmi babu ƙura ko ɗis, ƙamshin turare kuwa yana riga ta isa bakin titi. Shi ya sa ake ce mata Gwaggo Tsaf. Ƙanwar mahaifina ce, ciki ɗaya, kuma ni nake mata ɗinki a shagona da ke kallon ƙofar gidanta, don haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji shi ba.

Akwai wani mai facin taya a kusa da tasha, dattijo marar surutu. A bayan rumfarsa ya jingina tsofaffin kwanon rufi guda biyu suka yi ɗan lungu, to nan ne ofishin Gwaggo. Tana isa sai ta shige, ta tuɓe atamfa ta ninke ta a leda, ta saka tsohuwar rigar marigayi mijinta wadda ta koɗe har ba a gane launinta na asali, ta ɗaura wani zane mai faci a gefe, ta kifa malfa mai faɗi wadda take rufe mata fuska har hanci. Macen da ta shiga lungun daban, wadda take fitowa daban. Da yamma ta dawo ta wanke hannu da ƙafa a famfon mai facin da sabulunta na musamman, ta mai da atamfa, ta feshe jiki da turare, ta kamo hanyar gida tana tafiya a natse.

Mu kuma 'yan layi mun san namu aikin.

"Gwaggo an taso?"

"An taso, ɗiyata. Yau aiki ya yi yawa."

"Sannu da ƙoƙari. Allah ya huta gajiya."

Iyakarta ke nan. An taɓa yin wani sabon ɗan haya, mai baki kamar famfon da ya lalace, ya tare ta a gaban mai shayi ya ce, "Baba, ba ke na gani jiya a bola ba?" Gwaggo ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Kama ce," ta wuce. Daga ranar ko gaisuwarsa babu mai amsawa a layin, mai shayi ma sai ya ce masa madara ta ƙare alhali ga gwangwani a gabansa. Bai daɗe ba ya kwashe kayansa ya koma wata unguwa.

Ba da son ranta ta faɗa wannan sana'a ba. Mijinta makaniken manyan motoci ne, ciwon ƙirji ya ɗauke shi ya bar ta da ɗa guda da ɗaki guda da akwatin sifanu. Mahaifina ya ce ta dawo gidanmu da zama, ta ce ita ba za ta zauna tana sauraron ƙarar murfin tukunyar matar wani ba, ko da wanin yayanta ne. Ta gwada sayar da sabulu, 'yan bashi suka karya ta. Ta gwada wankau, uwar gidan ta kira ta da "ke" a gaban yara, ta ajiye bokiti ta fito ko sallama babu. Roba kuwa ba ta zagi, ba ta tambayar daga wane gida kika fito. Da ita ta ciyar da ɗanta, da ita ta kai shi makaranta har ya gama ya samu aikin akawu a wani kamfanin sufuri. Abu ɗaya ta riƙe gam duk tsawon shekarun nan, shi ne kada idon wanda ya san ta ya gan ta a cikin waccan riga. Ta sha faɗa mini tana gwada ɗinki a gaban madubin shagona, "Talaucina nawa ne, ba na kallo ba ne."

Ɗan nata, wanda kowa ke kira Akawu, abokin wasana ne, don haka ina da damar faɗin gaskiya a kansa. Yaro ne mai kirki da son gayu, mai laktaye kala-kala da albashin da ba ya ganin tsakiyar wata. Yakan ce, "Mama, ki bar wahalar nan haka, ai na kawo ƙarfi." Ita kuma ta ce, "To, Allah ya ƙara ƙarfi," washegari ta ɗauki ledarta. In abokan aikinsa suka tambaye shi me mahaifiyarsa take yi, sai ya gyara laktaye ya ce, "Tana harka da kamfanin lemo." Ba a ce ya yi ƙarya ba.

Ana nan ana nan sai kamfanin lemo ya wayi gari da son duniya. Ba son duniya irin namu ba, a'a, son ƙasa da iska da itatuwa. Akawu ne ya yi mana bayani, ya ce masu kamfanin da ke ƙasar waje sun ce yanzu ba a yayin riba tsagwaronta, dole kowane kamfani ya nuna abin da yake yi wa muhalli da talakawa, in ba haka ba masu zuba jari su ja da baya. To fa! Sai ga masu fenti. Aka shafe ƙofar kamfani da kore, aka ɗinka wa maigadi koren kaki, bututun nan da yake kwararo baƙin ruwa mai wari cikin kwatar bayan unguwa shi ma aka shafe shi da kore shar. Ruwan dai yana nan baƙi yadda muka san shi. Manaja ya zo da wata ƙatuwar mota ya dasa bishiya guda da shebur mai ɗaurin ribon, aka yi tafi, aka ɗauki hoto, kafin a gama kwashe kujeru akuyar mai facin ta gama da ita. Aka jera durom uku masu launi daban-daban a bakin titi, wai na roba da na takarda da na sauran tarkace. Mu muka dinga wahalar rarrabewa kamar gaske, har ranar da na ga motar shara ta zo ta juye duka ukun a ciki ɗaya.

Duk wannan dariya muke yi, har aka zo kan filin Gwaggo. Rana ɗaya aka kewaye shi da waya, aka sa ƙofa da kwado, aka kafa allo mai hoton ganye. A tasha aka ajiye wasu manyan kejoji na ƙarfe, su ma da kwado, aka ce nan za a riƙa jefa roba. Mai sikeli ma aka jawo shi cikin wayar, aka ba shi koriyar hula, aka ce kada ya sake sayen roba sai a hannun matar da ke sanye da koriyar rigar kamfani, wata riga marar hannu mai ƙyalli a kafaɗa. Wato robar da ta yi shekara da shekaru tana yawo a kwata babu mai ita, yau ta yi uba. Gwaggo ta gwada zagawa unguwanni masu nisa, ta dawo da gwiwa a kumbure da buhun da babu mai saye. Ta ci gaba da fita da safe cikin guga da turare, muna ci gaba da yi mata sannu da aiki, amma ni da nake auna ƙugunta na san zane ya fara yi mata yawa. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai.

Mai rabon rigar wata matashiya ce daga babban ofis, matan tasha suka sa mata Madam Muhalli. Tabarau a saman goshi, murya kamar ta mai karanta labarai. Ta tara mata a bakin waya ta yi musu jawabi a kan hayaƙi da sauyin yanayi da ƙarfafa mata, motarta kuwa tana gefe a kunne tun da ta zo, don kada cikinta ya huce. Ta ce daga yau babu mai tsintar bola, sai dai jakadiyar muhalli. Ta sa rana, ta ce kowa ta zo, za a zaɓi waɗanda za a ba riga, kuma za a ɗauki hoto.

Kalmar hoton nan ita ta shiga kunnen Gwaggo. A ranar ta shigo shagona da wani leshi ruwan zuma da ta daɗe tana ɓoyo a ƙasan akwati.

"Ɗiyata, ki zuba basira. Hoto za a yi."

"Gwaggo, hoton 'yan tsinta fa aka ce."

"Hoto hoto ne. Kin taɓa ganin mai hankali ya tsaya gaban mai hoto da tsumma?"

Ban taɓa gani ba kuwa. A saninmu hoto abu ne da ake yi wa wanka, a ari sarƙa in babu, a tsaya a miƙe don jikoki su gani su san daga gidan mutunci suka fito. Na zauna na yi mata ɗinkin da ban taɓa yi wa amarya ba, ranar kuma na rufe shago na raka ta.

Mun tarar an kafa rumfa, an jera kujeru a gaba don manyan baƙi, mata kuma sun yi layi a rana. Abin mamaki, har da maƙwabciyarmu Kullum-Ciwo, wadda tun da nake ban taɓa ganin ta sunkuya ta ɗauki ko tsinke ba, sana'arta kawai zaga gidaje tana ba da labarin bayanta da ƙafarta a daidai lokacin sauke tukunya. Ta zo da yagaggen mayafi da silifas wari da wari, ta langaɓar da kai. Madam Muhalli ta biyo layin da mai hoto a bayanta, tana duba mata ɗaya bayan ɗaya kamar mai zaɓen tumatir a kasuwa, sai dai ita ruɓaɓɓen take nema. Tana zuwa kan Kullum-Ciwo ta dafe ƙirji ta ce, "Allah sarki, Mama, kin sha wahala!" Nan take aka miƙa mata riga.

Da ta iso kan Gwaggo sai ta yi murmushi ta ɗan rusuna.

"Mama, kujerun baƙi suna can gaba."

"Ba baƙuwa ba ce ni."

"To wa kika rako?"

Gwaggo ta gyara mayafinta. Sannan a hankali, yadda mutum yake faɗa wa likita ciwon da yake jin kunya, ta ce, "Ni ma tsinta nake yi." Tun da aka haife ni ban taɓa jin wannan magana daga bakinta ba.

Madam ta sauko da tabarau ta dubi leshi, ta dubi sarƙa, ta yi 'yar dariya. "Haba Mama, kada ki tsokane ni. Wannan shiri na masu buƙata ne."

Mai sikeli ya taso daga inda yake ya ce, "Ranki ya daɗe, duk filin nan babu wadda ta riga ta. Rabin waɗanda kika ba riga ma yau na fara ganinsu."

"Na ji, amma ba ta yi kama ba," in ji Madam. "Masu ganin hoton za su ce mun ɗauko matar wani babba mun tsayar. Mama, in kina da kayan aikinki ki je ki sako, sai mu gani."

Raina ya ɓaci, na ja hannun Gwaggo na ce mu tafi, rigarsu ta ci kansu. Ta zame hannunta ta ce da ni ƙasa-ƙasa, "In mun tafi, gobe roba za ta biyo ni gida?" Sannan ta juya wajen Madam.

"'Yata, hoton nan ina za a kai shi?"

"Ƙasar waje, Mama. Wani littafi ne da ake buga wa masu kamfani duk ƙarshen shekara. Nan garin babu mai ganinsa."

"Kin tabbata?"

"Ɗari bisa ɗari."

Gwaggo ta miƙa mini mayafinta ta nufi rumfar mai faci. Ba ta daɗe ba ta fito, ta ratso filin nan tsakar rana a gaban direbobi da 'yan talla da manyan baƙi, cikin rigar marigayi da zane mai faci da malfa. Mai facin ya sunkuyar da kai yana ta buga wata taya da ba ta buƙatar bugu. Ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Mai hoto ya zagaya ta yana taɓe baki. Matsalar ita ce ko tsumman Gwaggo a wanke yake, kuma wallahi da karin guga a hannun rigar. Ya ce wannan ba zai yi ba. Ya damƙi rigar ya cukuikuye ta, ya debi ƙasa ya barbaɗa mata a kafaɗa, ya ɗora mata buhun robobi, sannan ya sa hannu ya cire malfar ya ce tana tare haske.

"Yi dariya, Mama. Yi kamar yau aka canza miki rayuwa."

Gwaggo tana da wushirya, kuma in ta yi murmushi duk fuskarta ce take haske. Ba ta iya yin abu rabi da rabi ba, ko da abin yana cin ranta. Ta yi masa murmushin nan nata na gaban madubi. Mai hoto ya daka tsalle ya ce, "Yauwa! Wannan ita ce!" Ya yi ta ƙyasta abinsa har Madam ta manta da Kullum-Ciwo. Aka ba Gwaggo koriyar riga, aka yi tafi, aka raba wa kowa lemo ɗaya marar sanyi.

Aiki ya dawo. Robar ita ce dai, kwatar ita ce, ciwon bayan shi ne, sai dai yanzu sunanta jakadiya, kuma tunda babu wani mai saye sai kamfani, farashi ya sauka ya zauna inda kamfani ya ga dama. Kullum-Ciwo kuwa ta samu sana'ar da ta dace da lafiyarta, tana ba da hayar rigarta ga matan da ba su yi kama da matalauta ba. Gwaggo ta koma shiga lungunta tana fitowa, ta ƙara koriyar riga a kan ta marigayi, malfa a ka. Maganar hoto ba ta sake tashi ba, mu ma muka yi kamar ba a yi ba.

Cikin haka Akawu ya samu yarinya. 'Yar gidan wani mai manyan kantunan magani ce, mai ladabi, ba ni da abin faɗa a kanta. Uwarta, wadda kowa ke kira Hajiya, ta aiko cewa tana son ganin mahaifiyar yaron, su san juna tun kafin magana ta yi nisa. Akawu ya riga ya shaida musu cewa Mama tana harka da kamfanin lemo. Gwaggo ta ajiye aiki na wasu kwanaki don hannunta ya yi laushi, tana ta shafa mai safe da yamma, ta hana kanta shiga rana. Leshi ruwan zuma ya sake fitowa, na ɗan rage masa ƙugu. Ranar tafiya ta tsaya gaban madubina ta juya hagu ta juya dama ta ce, "Ya kika gani?" Na ce, "Gwaggo, yau sai dai su su ji kunya." Har cikin raina na faɗa.

Gida ne na gani na faɗa. Falo mai sanyi kamar cikin firij, kafet ɗin da ƙafa ke nutsewa, kujerun da in ka zauna sai an taimaka maka ka tashi. Hajiya ta tarbe mu hannu bibbiyu, ga ƙannenta mata biyu sun sha gwala-gwalai, Akawu kuma ya rakuɓe a kujerar bakin ƙofa yana ta murmushin ladabi. Gwaggo ta zauna a miƙe, ta gaisa da kowa a natse, ta yi maganar tsadar rayuwa yadda masu hali suke yinta, wato kamar labarin wasu mutane ne can. Na ga ƙannen Hajiya suna satar kallon leshin suna gyaɗa kai. Komai yana tafiya daidai, har na fara jin daɗi.

Sai yarinyar ta shigo da tire cike da lemo mai raɓa.

"Ku sha wannan," in ji Hajiya. "Sabon fitowa ne, jiya-jiya aka kawo shi babban kanti. Robarsa ba ta cutar da ƙasa, kuma duk wanda ka saya akwai abin da ake ware wa talakawa. Ni yanzu shi kaɗai zan riƙa saya, mutum ya sha lemo kuma ya samu lada."

Na miƙa hannu na ɗauki ɗaya. Takardar da aka naɗe robar da ita koriya ce, a tsakiyarta kuma ga Gwaggo. Rigar marigayi a cukuikuye, ƙasa a kafaɗa, buhu a baya, babu malfa, ga wushirya ga murmushi. A ƙasan hoton an rubuta da manyan baƙaƙe: KA SHA, KA ƊAGA WATA UWA DAGA BOLA.

Innalillahi. Na ɗaga kai na ga kowa a falon yana riƙe da Gwaggo a hannunsa. Wata ƙanwar Hajiya ta dubi robar, ta dubi kujera, ta lalubo tabarau a jaka ta saka, ta sake duban robar. Akawu ya murza tasa a hankali har hoton ya koma kallon bango, ya kafa wa kafet ido. Yarinyar ta tsaya da tire a hannu ta rasa inda za ta ajiye shi.

Da Hajiya ta ɓata rai, da ta kore mu ma, wallahi da ya fi mini sauƙi, don na iya faɗa kuma a shirye nake. Amma matar nan sai ta tafa hannu, fuskarta ta cika da fara'a.

"Ikon Allah! Ashe ke ce! Kai, amma kin burge ni. Ku duba fa, ashe da jaruma muke zaune! Ai sana'a ba abin kunya ba ce, baiwar Allah. Irinku ne kuke riƙe da garin nan." Ta juya wajen ƙannenta. "Ku gane mini yadda ta yi fes, wa zai ce ita ce?"

Ɗazu "Hajiya" take ce wa Gwaggo. Yanzu ta koma baiwar Allah. Ta taso da wayarta ta zauna a hannun kujerar Gwaggo, ta ce don Allah ta ɗaga robar kusa da kumatunta a yi musu hoto, za ta tura wa matan ƙungiyarsu, su ma suna harkar taimakon marasa galihu. Gwaggo ta ɗaga. Aka ce ta yi murmushi irin na jikin robar, ta yi. Sannan ta buɗe lemon ta shanye shi tas, a miƙe, ta ajiye robar a kan tire ta ce, "Yana da daɗi." Ni ko kurɓa ɗaya na kasa don baƙin ciki.

Kada ku ce na ɓoye wani abu: auren an yi shi daga baya, lafiya lau, Hajiya ma takan yi alfahari da surukarta a gaban baƙi, har ta ɗauko roba ta nuna. Madam Muhalli kuma na ji an kira ta ƙasar waje an ba ta lambar yabo, ga hoton Gwaggo ƙato a bayanta. Ashe ba ta yi ƙarya duka ba, hoton ya je ƙasar wajen.

Amma a ranar, da muka miƙe za mu tafi, Hajiya ta ce mu ɗan dakata. Ta shiga ciki da kanta, ta fito tana jan wata ƙatuwar leda, ta kwashe robobin da ke kan tire ta ƙara a kai, har da tawa da ban sha ba sai da ta juye ta a kofi.

"Ga waɗannan, na baƙin jiya ne da na yau. Da ma ina ta tunanin wa zan ba. Tunda abin ya zama na gida, ai shi ke nan, duk mako sai in riƙa tara miki."

Da zuciya ɗaya ta faɗa, wannan shi ne abin da ya fi ƙona mini rai. Na dubi Akawu, sai ga shi waya ta kama shi, ya kara a kunne ya yi waje yana "Na'am, ranka ya daɗe," alhali ban ji ta yi ƙara ba. Na kai hannu zan karɓa, Gwaggo ta riga ni.

"Na gode, Hajiya. Allah ya bar zumunci."

Ta ratsa tsakar gidan nan mai shuke-shuke cikin leshi ruwan zuma, leda tana ƙarar robobi a gefenta, maigadi ya buɗe mana ƙofa yana kallon sama. Muka kai bakin titi muka shiga bas. Muka samu kujerar baya, ta ɗora ledar a cinya. Da mota ta tashi sai ta zura hannu ta ciro roba ɗaya, ta sa farce ta ɓare takardar a hankali don kada ta yage, ta shimfiɗa ta a gwiwa ta shafe ta da tafin hannu. Ta ciro ta biyu. Haka ta yi ta yi, tana jera fuskarta ɗaya a kan ɗaya, hawaye yana sauka a kan leshin ba ta share ba.

Na kasa daurewa. Na zuge gilashin taga na ce, "Gwaggo, kawo tarkacen nan in watsar, Allah ya isa tsakaninmu da su."

Ta dafe takardun da hannu biyu.

"A titi? Mutane su bi ta kaina?"

Ta ninke su gida biyu ta cusa a cikin rigarta. Ta taga na hango wata babbar motar kamfani tana sauke kwalayen sabon lemon a ƙofar wani kanti, wata kuma tana bayanta tana jiran layi.